Zaituna Ba Ta Yarda Ba

Ranar da labarin ya iso Roni, Zaituna tana tsakar gida tana matsar tunkuza. Hannayenta sun yi sharkaf da mai, ta danne ƙullin gyaɗa a kan dutse, man yana tsiyaya cikin kwano. Sai ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama.

Julius ne, abokin aikin ɗanta. Mutumin Filato ne, yana da shago a Kazaure inda yake haɗa hotunan biki da na suna, kuma shi ke yankawa da jera fim ɗin da ɗan nata yake ɗauka. Kullum da tsokana yake shigowa, yana cewa a miƙo masa ƙuli mai zafi kafin ya gaida kowa. Ran nan tun daga zaure ya cire takalmi, ya durƙusa can nesa, ya kasa ɗaga kai.

"Mama, daga kasuwar Babura muka taso. Yana gaba a babur ɗinsa, ina biye. Motar hatsi ce ta ƙwace wa direba."

"Ya cika?"

"Ya cika, Mama. Tun kafin mu kai asibiti."

Ta yi salati, ta maimaita, sannan ta mayar da hannu kan tunkuzar ta ci gaba da matsa. Matan maƙwabta suka shigo suna kuka, ita ko ɗigo. Ba wanda ya yi mamaki. Mu'azzam ɗanta ne na fari, kuma a gidan da ta tashi uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa. Tun da aka yaye shi aka kai shi Kazaure wurin Haladu, wan mijinta, shi ya riƙe shi, shi ya sa shi makaranta. In za ta yi zancensa sai ta ce "na Kazaure". In ya zo gaishe ta yakan durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon murhu, ya ajiye abin da ya kawo ya tashi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, sauran 'ya'yan da ta haifa ba su rayu ba. Shi kaɗai ne, kuma ko sau ɗaya bakinta bai taɓa furta sunansa ba.

A Kazaure aka yi zaman makoki, a gidan Haladu. A nan ta fara jin maganar fim ɗin da kyau. Da ma ta san yana yawo da kyamara tsakanin Roni da Gwiwa yana ɗaukar mata masu yin man gyaɗa irinta. Ya taɓa zuwa gidanta da kyamarar, ta juya masa baya ta ce ya tafi da shirmensa, ya tafi bai sake tambaya ba. Abin da ba ta sani ba shi ne aikin ya ƙare, har an ji labarinsa a wata ƙasa.

Ranar sadakar bakwai wata doguwar mace ta zo ta'aziyya, ta tsallako iyaka ta Babura da ledar dabino a hannu. Ta ce sunanta Bahijja, daga Damagaram. Ta zauna a gefen tabarmar Zaituna, bayan addu'a ta rage murya.

"Inna, ni ce nake shirya bikin nuna fina-finai a garinmu duk shekara. Ba babba ba ne, amma masu yin fim suna zuwa daga Agadas, da Bamako, da Wagadugu, har daga Turai. Irin waɗanda ba kamfani a bayansu, su da kyamararsu kawai. Marigayi ya turo mana wani yanki na aikinsa, muka kalla, muka ce da shi za mu buɗe bikin bana. Na kira shi na gaya masa, ya yi ta ihu a waya kamar yaro."

Zaituna ta ci gaba da jan carbi.

"Cikakken yana wurin Julius. Amma ba zan haska ko kaɗan ba sai gida sun yarda. Na yi wa Alhaji Haladu magana a waje."

"Me ya ce?"

"Ya ce in sha ruwa in kama hanya."

Da yamma Haladu ya shigo cikin gida da kansa. Idanunsa sun yi ja, ya rame a 'yan kwanakin nan. Ba mugu ba ne, Zaituna ta san haka. Shi ya goyi yaron a kafaɗa, shi ya kwana da shi a asibiti lokacin ƙyanda. Ya tsaya a tsakar gida yana magana da matansa, amma kowa ya san da wa yake.

"Duk mai hoton yaron nan a waya ya goge. Shi kuma wancan abin da ya ɗauka, mata suna waƙa suna karkaɗa jiki, ba za a nuna shi ko'ina ba. Duk wanda ya kalla, alhakin yana bin sa har kabari. Ni na raine shi, ba zan bari a riƙa aika masa da wuta ba. Ranar arba'in, in an gama rabon gado, Julius zai kawo abin da fim ɗin yake ciki a fasa shi a gaban kowa."

Matan suka ce Allah ya saka da alheri. Zaituna ta sunkuyar da kai. Wan miji ne, ba a musu da shi. Ɗan fari ne, ba a tsoma baki a kansa.

Ta koma Roni ta ci gaba da sana'a. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta fece, ta kai inji, ta zuba a turmi tana juyawa tana tsiyaya ruwan zafi har mai ya taso. Amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Za a fasa abu, kuma a duk masu cewa a fasa ba wanda ya gan shi. Ita ma ba ta gani ba. Wata safiya ta rufe turmi da faifai, ta yafa mayafi, ta tare ɗan acaɓa ta ce Kazaure.

Julius yana ganinta a ƙofar shago ya miƙe har ya ture kujera.

"Mama! Lafiya? Ko hoton biki za a yi miki?"

"Ubanka za a yi wa. Ina abin?"

Ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan baƙin abu, bai fi sabulun wanki girma ba, da wata igiya a jikinsa.

"Wannan ne? Duk yawon da ya yi a rana, wannan ne?"

"Komai yana ciki, Mama. Ban ajiye wani a ɓoye ba. Alhaji ya tambaye ni, na rantse masa. Ni baƙo ne a garin nan, ba zan yi wasa da maganar mamaci ba. In an fasa wannan, shi ke nan."

"Kunna."

Ya sakaya ƙofa saboda hasken rana, ya jona abin a kwamfuta, ya juyo mata da fuskar. Ta ƙi zama a kujera, ta shimfiɗa gefen mayafi a ƙasa.

Da farko hannaye ne kawai, hannayen wata tsohuwa suna mulmula ƙuli. Sai fuska ta fito, ta gane Ma'u ta Gwiwa, wadda suke haɗuwa a layin inji. Ga turame a jere, ga hayaƙi, ga mata suna juya taɓarya suna waƙar da ita ma take yi in aiki ya yi nauyi. Wata ta nuna tabon ƙunar mai a damtsenta. Wata ta ce da wannan turmin ta aurar da 'ya'yanta, mijinta yana kwance ba lafiya. Ba wanda ya taɓa tambayarsu komai, ga shi an tambaye su sun buɗe baki sun ƙi rufewa.

Shi ba a ganinsa. Yana bayan kyamara, muryarsa kawai ake ji. Ya ce wa Ma'u, "Goggo, an ce ƙulinki ya karya wa mai gari haƙori." Ma'u ta ɗaga muciya ta yi kansa, hoton ya girgiza, sai ya fashe da dariya.

Zaituna ta dafe ƙasa. Ba ta taɓa jin dariyarsa ba. A gabanta kullum kansa a sunkuye yake, muryarsa can ƙasa. Dariya ce mai shaƙewa a ƙarshe, kamar mai shan ruwa ya ƙware. Irin ta mahaifinta ce sak, mutumin da yaron bai ma taɓa gani ba.

"Mayar baya," ta ce.

Julius ya mayar. Ta sake ji. Ta ce ya ƙara. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan da ba ta yi a Roni ba, ba ta yi a gidan Haladu ba, ya zo mata a shagon haɗa hotunan biki. Julius ya fita waje ya tsaya yana korar masu zuwa.

Da ta fito ta share fuska ta ce, "Ranar arba'in ka kawo shi kamar yadda aka ce maka."

"Mama..."

"Na ce ka kawo."

Ranar arba'in aka yi sadaka da safe, aka raba waina da gumba. Da hantsi maza suka taru a zauren Haladu. Malam Muhammadu Lawal, limamin unguwa, shi ne mai rabo. Kayan ba su da yawa: babur ɗin da ya lotse, kyamara, katifa, 'yan tufafi. Mata suna cikin gida, Zaituna tana zaune a bayan katangar zaure inda ake jin komai. Ta ji an kira Julius, ta ji ya ajiye abin a kan tabarma. Ta ji Haladu ya ce a miƙo masa guduma.

"Dakata, Alhaji," in ji liman. "Wannan ma cikin abin da mamaci ya bari yake. Magada biyu ne, kai da mahaifiyarsa. Ba a lalata kayan gado sai kowa ya yarda."

"Ai ta yarda, Malam. Tun ranar bakwai na faɗa a gabanta, ba ta ce komai ba."

"Duk da haka a tambaya." Ya ɗaga murya. "Zaituna, kina ji? Za a fasa abin nan. In kin yi shiru mun ɗauka kin yarda."

Kowa ya san yadda ake yi. Uwar ɗan fari takan yi shiru, ko ta aiko wata ta ce duk abin da iyayensa maza suka yanke ya yi. Uwargidan Haladu har ta buɗe baki za ta amsa a madadinta.

"Ban yarda ba."

Zaituna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta taka har bakin ƙofar zaure inda mata ba sa tsayawa in maza sun taru.

"Malam, ban yarda ba. Babur da kyamara da katifa, Yaya ya riƙe duka, na yafe. Wannan ɗan baƙin abin shi ne rabona."

Haladu ya juyo da guduma a hannu. "Zaituna, kanki ɗaya? A gaban mutane? Ina kunyarki?"

"Na yi kunya, Yaya. Tun ranar da na haife shi nake yi. Na yi ta har aka sa shi a rami ban kira shi ba. Me ta bar min?"

"Yaron nan ni na..."

"Mu'azzam," ta ce.

Wata tsohuwa a cikin gida ta ce subhanallahi. Zaituna ta sake faɗa, da ƙarfi, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Mu'azzam sunansa. Kai ka raine shi, Allah ya biya ka, ban taɓa musu ba. Amma ni na haife shi. Ka kalli abin da za ka fasa?"

"Ba sai na kalla ba."

"Ni na kalla. Mu ne a ciki. Ni da ire-irena, da turmi, da hayaƙi. In waƙar da muke yi a bakin turmi wuta ce, to mun daɗe da ƙonewa, kuma da man da muka matse aka soya wainar da kuka ci yau da safe."

Wani daga cikin mazan ya yi tari don ya ɓoye dariya. Haladu bai yi dariya ba. Idanunsa sun ciko.

"Tsoro nake ji masa, Zaituna. Kabari ba wasa ba ne."

"Na sani, Yaya. Ni ma ina ji masa. Ni ba malama ba ce, ban san yadda ake rubuta alhaki ba. Amma shi ya riga ya tafi, ba shi zai ce a nuna ba. Ni ce zan ce. In akwai laifi, ga mai shi a tsaye, a rubuta a kaina."

Liman ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, amma abu ɗaya a fili yake: ba a fasa kayan magaji a kan idonsa yana cewa a'a. Ya ɗauki abin ya miƙa wa Julius, Julius ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ƙulle shi a bakin zane kamar goro.

Haladu ya ajiye gudumar. "In kika fita da abin nan, kada ki sake tako min gida."

"To, Yaya. Allah ya huci zuciyarka."

Ta bi ta tsakiyar zauren ta fita, ba ta koma ɗaukar ko kwanonta ba.

Kafin ta isa Roni labari ya riga ta. A layin inji aka riƙa matsawa in ta zo. Wata ta ce tsufa ya zo mata da rashin ta ido. Wasu gidajen suka daina aiko yara sayen mai. Ta ji, ta ci gaba da suya.

Ta sa Julius ya kira mata Bahijja a waya.

"Na yarda ki nuna," ta ce. "Amma ba Turawa za su fara gani ba. Matan da ke ciki su za su fara. Ki kawo majiginki Roni."

"Inna, kayan suna da nauyi, ga iyaka, ga masu duba kaya..."

"Shi ma da ya ɗauko hoton matan, a rana ya yi yawo. In ba za ki iya ba, ki bari."

Bahijja ta yi dariya. "Wallahi yanzu na ga inda ya gado taurin kai. Ina zuwa."

Ta zo kuwa, a wata tsohuwar mota da majigi da injin wuta da farin ƙyalle a naɗe. Wani ɗan kasuwa ya ba su aron ɗakin ajiyar gyaɗa da ba kowa a ciki, aka toshe tagogi da buhuna, aka kafa ƙyallen a bango bayan azahar. Zaituna ta bi gida-gida da ƙafarta tana gayyata. Wasu mazan suka hana matansu. Wasu matan suka ce za su je unguwa, suka biyo ta bayan gari. Daga Gwiwa Ma'u ta ciko mota da mutanenta, ta sauko tana cewa, "Ina wanda ya ce ƙulina yana karya haƙori? Yau zan ga ƙaryarsa a bango!"

Ɗakin ya cika har ƙofa, zafi kamar gidan burodi. Kafin a kunna, Bahijja ta ce ko mahaifiyar mai fim za ta ce wani abu. Zaituna ta miƙe. Ba ta iya jawabi ba.

"Wannan aikin ɗana ne, Mu'azzam. Ku kalla. Wadda ta ga abin kunya ta faɗa min a fuskata."

Aka kunna. Da fuskar Ma'u ta cika bango, ɗakin ya kaure da shewa. Mata suna nuna juna, suna cewa ke ga ki can, dubi bakinki. Da aka zo wurin mai tabon ƙuna sai aka yi shiru, ana jin shessheƙa nan da can. Da waƙar turmi ta tashi, na cikin ɗaki suka karɓa, har aka daina jin ta bangon. Sannan dariyarsa ta zo, mai shaƙewar nan.

Zaituna tana kusa da ƙofa, ta waiga. Can gindin dalbejiya ta hango babur a tsaye, da mutum a kai da farar hula. Haladu ne. Bai sauko ba, bai shigo ba. Tana da tabbacin sautin yana kai masa. Ya zauna har dariyar ta wuce, ya sa hannun riga ya goge fuska, ya tada babur ya juya hanyar Kazaure. Har yau bai yi mata magana ba, ita ma ba ta taka gidansa ba.

Da aka tashi ba wadda ta zo ta faɗa mata komai a fuska. Ma'u ce kawai ta riƙe hannunta ta ce, "Ashe haka muke da kyau?"

Bahijja ta kwafi fim ɗin a gabanta, ta mayar mata da abinta. Aka buɗe biki da shi a Damagaram. Daga baya Julius ya zo yana lissafa mata garuruwan da aka nema a kai shi, sunaye masu wuyar faɗa, ta ce ya bar ta da su, ya ci ƙulinsa. Su Bahijja sun so ta je, har an ce za a yi mata takardun tafiya. Ta ce turmi ba ya juya kansa.

Ɗan baƙin abin yana cikin kwalla a ɗakinta, a naɗe da tsumma mai tsabta. Ba ta da abin kunna shi, kuma ba ta nema ba. Masu gulma sun gaji, wasu sun dawo sayen mai, wasu ba su dawo ba.

Kowace safiya, in ta idar da salla ta fito hura wuta, takan tsaya a bakin murhu kafin ta ɗora kasko. Ba a zuci take yi ba, da murya take yi, yadda na bayan katanga za su ji.

"Allah ka jiƙan Mu'azzam."

Sannan ta zuba gyaɗa.